Ita Ce ko Wata Ce? Tunani a kan Tayar da Tsohuwar Mota

A bayan gidaje da garejin garin Tawa, da kuma garuruwan da ke kan hanyar Abalak, ba a rasa tsohuwar mota da ta yi shekaru a kafe, tayoyinta sun nutse cikin yashi, kaji sun mai da ita akurki. Da yawa daga cikinsu Peugeot ne, wadda jama'a ke kira Fijo, ƙirar 404 ko 504, sai tsofaffin Land Rover jefi-jefi. Makomar yawancinsu ɗaya ce, wato hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Amma wani lokaci akan sami mutumin da ba bakanike ba, malamin makaranta ko ɗan kasuwa ko ɗan cin rani da ya dawo daga Abijan, ya ƙudurta sai ya tayar da ɗaya, musamman in ta mahaifinsa ce. Tun kafin ya kwance noti na farko akwai tambayar da ke jiransa: idan aikin ya ƙare, motar da za ta fito ita ce ta dā, ko kuwa wata ce dabam da ta ari sunanta?

Tambayar ba ta tsaya ga mutanen Adar ba. A Amurka, inda tayar da tsofaffin motoci ya zama babbar sana'a, an fi ɗokin motocin nan masu ƙaton inji na shekarun 1960, irin su Pontiac GTO ta 1964 da Dodge Charger ta 1966. Motoci ne masu matsakaicin jiki da aka ɗora wa inji mai silinda 8, don gudu da ruri. Tsadar mai ta 1973 da dokokin rage hayaƙi da hauhawar kuɗin inshora suka kashe kasuwarsu, daga baya kuma ƙarancinsu ya mai da su dukiya. A can, mota takan ƙara daraja ƙwarai idan lambar da ke jikin injinta ta nuna cewa shi ne wanda aka saka mata a masana'anta. Ke nan abin da mai saye ke biya shi ne asali, kuma a wurinsa asali yana cikin ƙarfen kansa. Wannan ne ya sa ake samun masu buga lambar ƙarya a jikin inji.

Tarihin Fijo a Adar wani iri ne dabam. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. Bayan an daina ƙera 504 ta ɗaukar fasinja a Faransa a 1983, masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har zuwa 2006. Ta hanya biyu suka fi shigowa wannan yanki. Wasu daga kudu, ta Sakkwato da Birnin Ƙonni. Wasu daga arewa, domin a shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsofaffin Fijo su ratsa Sahara da su ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. Tawa kuwa tana bakin hanyar uranium da ta haɗa Arlit da kudancin ƙasa. Abin da ya ɗaukaka waɗannan motoci shi ne juriya. Suna da tsawo daga ƙasa, suna shanye gargada, kuma ba su da kwamfutar da ke sarrafa inji, don haka duk wanda ke da sufana da kunne mai jin ƙarar inji yana iya yi musu magani a bakin hanya.

Sakamakon wannan juriya shi ne da wuya a sami Fijon da ta yi shekara 30 tana zirga-zirga tsakanin kasuwannin Keita da Buza da Tabalak tana ɗauke da kayanta na asali. An sauya inji, watakila sau biyu. Ƙofa ta wata mota ce, lagireto ya sha walda, kujerun kuma wani tela ne ya sake ɗinka su. Bisa ma'aunin Amurkawa, irin wannan mota ba ta da asali ko kaɗan. Amma duk tasha an san ta, an san na wane ne, an san ranar da ta kai amarya da ranar da ta kai mai naƙuda asibiti. To wane ne ya yi kuskure, masu duba lamba ko mutanen tasha?

Masana falsafa sun daɗe suna jayayya a kan irin wannan. Marubucin nan na Girka, Plutarch, ya kawo labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka adana, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko shi ne jirgin farko ko ba shi ba ne. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa matsalar wuya. Ya ce a ƙaddara wani ya tattara tsofaffin katakan da aka cire ya harhaɗa jirgi da su, to wanne ne na gaskiya cikin biyun? Duk wanda ya taɓa leƙa bayan gareji ya ga tarin tsofaffin kayan da aka cire daga mota guda ya san cewa tambayar ba wasan ƙwaƙwalwa ba ce kawai.

Ƙasar Adar tana da tata amsar, kuma a ginin ƙasa ta rubuta ta. Masallacin Juma'a na garin Yama, a yankin Ilela, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Ginin laka ne, damina tana cin jikinsa, jama'ar gari suna sake yaɓe shi. Yaɓen da ido ke gani yau ba shi ne na farko ba, amma babu wanda zai ce wani masallaci ne dabam. Abin da ya sa ya zama shi ɗin shi ne siffarsa ba ta ɓata ba, aikin da aka gina shi dominsa bai tsaya ba, hannayen da ke kula da shi kuma suna miƙa wa juna amanarsa. Idan aka auna mota da wannan ma'auni, asalinta yana cikin tarihin da ya biyo ta da kuma aikin da take yi, ƙarfen kuwa mai zuwa ne mai tafiya.

Sai dai wannan amsa tana ɗora wa mai gyara nauyin da ya fi na sayen kayan gyara. Idan asalin mota tarihinta ne, to wanda ya yi ƙarya a kan tarihin ya fi wanda ya sauya inji ɓata ta. A nan ne sabon shiga ke haɗuwa da jarrabawarsa ta farko. Bushewar iskar Sahel tana kare ƙarfe daga tsatsa fiye da yadda ake gani a garuruwan bakin teku, amma rana da ƙura suna cinye duk abin da aka yi da roba. Bututun birki yakan tsattsage, wayoyin wuta su bushe, tsohon fetur ya daskare a cikin kafireta, yashi ya goge cikin silinda. Duk waɗannan ba sa bayyana ga mai kallo daga nesa. Abin da ke bayyana shi ne fenti, shi ya sa zuciyar sabon shiga ke fara karkata gare shi. Bakaniken kirki zai ce masa a fara da birki da sitiyari da ƙashin motar, fenti ya zo a ƙarshe. Wannan tsari na aiki ne, kuma na ɗabi'a ne, domin tsagewar da aka lulluɓe da ciko aka fesa wa launi tana nan tana jiran ranar da mota za ta ɗauki mutum bakwai a kan hanyar Tabalak. Garin neman gira akan rasa ido.

Jarrabawa ta biyu tana zuwa ranar da za a nuna motar ko a sayar da ita. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Adar ya hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma masu adana kayan tarihi sun iso ga matsaya mai kama da wannan ta wata hanyar. Yarjejeniyar Venice ta 1964 a kan gyaran tsofaffin gine-gine ta nemi duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali, don kada gyara ya gurɓata shaidar tarihi. Ga mai tayar da Fijo, ma'anar wannan mai sauƙi ce. Ya riƙe ɗan littafi ya rubuta abin da ya cire da abin da ya saka da inda ya samo shi. Ba laifi ba ne a ɗora injin wata mota. Laifin shi ne a ce wa mai saye, ko ƴaƴan gida, wannan ne injin da tsoho ya tuƙa.

Akwai kuma suka mai nauyi da bai kamata a kauce mata ba. Adar ƙasa ce da ta sha fari a 1973 da 1984, ta ga ƙarancin abinci a 2005, kuma har yau samarinta da yawa suna barin gida bayan kaka don neman abin rufin asiri. A irin wannan wuri, zuba kuɗi a cikin mataccen ƙarfe ba almubazzaranci ba ne? Wani lokaci shi ne. Wanda ya rage hatsin gida ko kuɗin makarantar yara don ya sayi fitilar asali ya fifita marmarinsa a kan haƙƙin da ke wuyansa. Haka nan motar marigayi dukiyar magada ce baki ɗaya, don haka wanda ya ja ta zuwa gareji ba tare da yardar ƴan'uwansa ba, mata da maza, ya fara aikin tunawa da uba da tauye ƴaƴan uban.

Idan an tsare waɗannan haƙƙoƙi, sukar tana raguwa. Kuɗin da aka kashe yana shiga hannun mai walda da tela da mai gyaran wuta na unguwa. Sana'ar da ke neman ɓacewa, ta gane ciwon inji da kunne, tana samun wanda zai gaje ta. Shi kansa mai koyon yana samun abin da ba a sayarwa a kasuwa, domin mai takardun makaranta zai durƙusa gaban wanda watakila bai taɓa shiga aji ba, ya miƙa masa sufana, a gyara masa kuskure a gaban yaran gareji, ya haɗiye girman kai ya sake gwadawa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma ilimin tsofaffin kanikawa yana cikin irin wannan zuma.

Saura abu guda da sabon shiga yakan ƙi ji. Ba kowace mota ce ke tashi ba. Wadda ƙashinta ya karye ko ya lanƙwashe fiye da gyara ta gama tafiyarta, nacewa a kanta kuma sa rayukan mutane ne cikin haɗari don biyan buƙatar zuciya. Abin da ya dace da ita shi ne a kwance ta, giyarta ta tafi wata motar, ƙofarta ta tafi wata, kamar yadda ita ma ta rayu shekaru da kayan waɗanda suka riga ta tsayawa. Wadda kuwa ta tashi, da birki mai kamawa da tarihin da ba a yi wa ƙari ba, ta koma kan hanya tana ɗaukar mutane da kayansu, ita ce ta dā, ko da ƙarfen da ya rage mata daga masana'anta bai wuce cikin tafin hannu ba.