Fitilar da Ake Iya Kashewa

Yau ina so mu yi magana a kan tsohuwar mota, irin wadda tayoyinta huɗu duka suke ja, wadda a nan Nijar muke kira kat-kat. In kana da ita, ko ka taɓa zama a bayanta a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, maganar ta shafe ka.

Ɗauki Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1984. Daga 1990 aka soma sa mata injin gazuwal mai suna 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Injin ne marar yawan fitina, shi ya sa mutanenmu suke ƙaunarsa. Mutum mai haƙuri da 'yan sifanu zai iya kula da shi a ƙofar gidansa. Ya juye baƙin mai a kan lokaci, ya kakkaɓe matatar iska in hunturu ya kawo ƙura, ya tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar gazuwal, ya duba tiyon lagireto, ya sa giris inda ake sawa. Ni ma na yi shekaru ina kwanciya a kan tabarma a ƙarƙashin irin wannan mota, kuma ban yi da-na-sani ba. Akwai daɗi a ranar da injin da ya daɗe shiru ya tashi da aikin hannunka.

Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Wanda yake gyara motarsa da kansa ya rasa wata mafaka da sauran mutane suke da ita. Ba zai iya cewa "ban sani ba". Ya sani. Ya san inda shasi ya tsage kusa da mariƙin sifirin, domin shi ya kai aka yi walda, shi ya shafa baƙin fenti a kai. Ya san ko man birki yana raguwa a hankali.

A cikin wannan injin akwai wani bel na roba mai haƙora, wanda yake daidaita buɗewa da rufewar bawul da tafiyar fistin. A tsofaffin samfurin ana canza shi bayan kilomita 100,000, kuma akwai ƙaramar fitila a gaban direba da take kamawa domin ta tuna masa. In bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, mota za ta tsaya nan take, injin kuma zai iya yin mummunar ɓarna. To, wannan fitila ana iya kashe ta cikin 'yan mintoci ba tare da an taɓa bel ɗin ba. An yi haka ne domin makaniki ya kashe ta bayan ya gama aiki. Amma fitila ba ta san ko an yi aikin ba.

Yanzu bari in tambaye ka. Kana so ka sayar da motar, fitilar ta kama, kuɗin canza bel ba ya hannunka. Za ka kashe ta?

Na san amsar kasuwa. Za a ce maka ciniki ne, mai saye ya buɗe idonsa, ya zo da makanikinsa. Kai ma da ka saya ba wanda ya gaya maka kome. Ba na cewa babu gaskiya ko kaɗan a nan. Wanda ya sayi mota mai shekara 30 ya san ba amarya ya ɗauko ba, kuma ba a bukatar ka lissafa masa kowane ƙarce da kowace kujera da ta yage. Waɗannan idonsa zai gani. Amma bel yana bayan murfi, tsagar shasi tana ƙarƙashin fenti. Kai ka rufe su. Yaya za ka ce wa mutum ya buɗe ido a kan abin da ka lulluɓe da hannunka?

Ka kuma tuna ba mai saye kaɗai zai hau ba. Irin wannan mota a ƙasarmu ita ce take ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye, ita ce take shiga inda babu rijiya kusa, babu kuma mai wucewa. Tsayawar da a cikin garin Maraɗi ɓata rai ce kawai, a cikin rairayi tana iya zama sanadin rai. Mutanen nan ba su zauna wurin cinikin ba, ba kuma za su taɓa sanin sunanka ba. Su ne maƙwabtan da lamirinka zai tambaye ka a kansu.

Ranar da na sayar da tawa, wannan gwaji ya same ni sosai, domin kuɗin makarantar yara yana jirana. Na kwana biyu ina ba kaina hujjoji, kuma hujjojin suna da kyau a kunne. A ƙarshe na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta kowane gyara a ciki, na kai mai saye ƙarƙashin motar, na haska masa waldar da tocila, na gaya masa lokacin bel ya wuce. Ya yi shiru, sa'an nan ya rage kuɗi, ragi mai zafi, har uwargida ta yini ba ta ce mini uffan ba. Na miƙa masa makulli da littafin. Ya tashi motar ya fita daga ƙofar gida, fitilar tana ci.