Tukunyar Goggo

Akwai wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai sayar da atamfa da shadda, wanda ya daɗe rabonsa da abincin gidansa. Da safe wurin mai shayi yake karyawa. Da azahar yaron shago ya sayo masa shinkafa da soyayyen nama. Da daddare ya biya wurin mai tsire, ya shigo da ƙunshin balangu, tuwon da aka ajiye masa kuwa ya kwana a kwano. A ganinsa, haka ake gane wanda Allah ya buɗa wa.

Ƙarshen Disamba ciwon kai ya matsa masa, har ya je asibiti. Likita ta auna shi, ta ce, "Alhaji, jininka ya hau. Ga magani, kada ka yi wasa da shi. Sauran aikin kuma yana cikin kwanonka." Ta gaya masa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kayan lambu da 'ya'yan itace kuma a samu aƙalla giram 400. Ta ce ya rage jan nama da soye-soye.

Ita ta ce ya rage, shi kuwa ya ji ya bari. Ranar 1 ga Janairu ya tara iyalinsa ya yi shela: daga yau ba shi ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono. Ya shiga wani babban kanti ya kwaso kayan kwali da na gwangwani na ƙasashen waje, da kuɗin da zai ishi gidan cefanen sati. Ya koma cin ɗanyen kabeji da latas, ga sanyin hunturu, ga yunwa. Wata bai raba ba aka gan shi bayan isha'i a gindin tukubar mai tsire, yana ci yana waige-waige. Da ya dawo gida ya ce shi ke nan, alkawari ya karye, abin ba nasa ba ne.

Ana cikin haka Goggonsa ta zo daga Kura ganin jikoki. Ta ga kwalaye jere a ɗakin girki, ta ji labari daga bakin uwargida, ta jira shi ya dawo.

"Kai ɗan nan, da me na yaye ka? Ba da kunun gyaɗa da faten wake ba? A gidan ubanka sau nawa ake ganin nama in ba ranar kasuwa ko Sallah ba? Amma ya yi noma har ya tsufa."

"Goggo, ai wancan zamanin babu ne."

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kawo kuɗin cefane."

Washegari ta aiki yaro 'Yankaba. Janairu lokacin noman rani ne, tumatir da albasa da karas da alayyafo sun cika kasuwa, sabon wake kuma ya shigo. Ta jiƙa wake ya kwana don ya nuna ba sai an zuba kanwa da yawa ba, domin ita ma kanwa 'yar'uwar gishiri ce ga mai hawan jini. Dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, ta rage shi, ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Mai kuwa da cokali take aunawa. Yau tuwon dawa da miyar kuka, gobe dambun zogale, jibi alala ko faten tsaki da rama. Ran Juma'a ta sa aka sayo nama kaɗan, ta yanka ƙanana a miyar taushe, kowa a gidan ya samu.

Goggo ba ta san sunayen sinadarai ba, amma abin da take yi yana da tushe. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da wake yake da shi a wadace, wake kuma ya gaza a wanda hatsi yake da shi, in aka haɗa su sai su cike wa juna. Ga shi Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu, Nijar na biye mata. Abin takaici ne a ce buhuna na fita daga Dawanau zuwa ƙasashe, mu kuma muna kiran garau-garau abincin talaka.

Wani dare Alhaji ya suɗe kwano, ya ce girkin Goggo daban ne. Uwargida ta dube shi ta ce, "Alhaji, ni na yi wannan miyar. Ita ce dai wadda nake ajiye maka shekara da shekaru." Bai ce komai ba. Amma daga ranar shi yake biyawa ya yi cefane da kansa, ya cika tukunyar gas, ya kuma sa samarin gidan tsince wake da gyaran ganye, don kada aikin ya tare a kan mutum ɗaya.

Da ya koma asibiti, likita ta ce jinin ya fara sauka, ya ci gaba da magani. Ta ja kunnensa kada ya sake yanke nono da ƙwai da kifi, domin bitamin B12 ba a samunsa a hatsi ko ganye. Ta ce ya riƙa matsa lemun tsami a kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe na ganye da wake, shayi kuma ya ba shi tazara da abinci.

A kasuwa an sha yi masa tsiya. Maƙwabtansa suka ga kula ta maye gurbin ledar abincin saye, suka ce, "Alhaji, ko ciniki ne ya ja baya?" Ya buɗe ya ce bismillah. Ba a daɗe ba sai da uwargida ta ƙara hannu, saboda masu zuwa taya shi ci.

Kafin Goggo ta koma aka yi suna a maƙwabta, aka aiko da soyayyen naman rago. Alhaji ya tsaya yana kallon kwanon, ya kalli Goggo.

"Ci mana, rabonka ne," in ji ta. "Wa ya haramta maka?"

Ya ɗauki tsoka biyu, ya miƙa wa yara sauran, sannan ya tashi ya je ya jiƙa waken gobe.