Huduba a Kan Amanar Jinya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jinya farilla ce ta kifaya, kuma tana da asali tun zamanin Manzon Allah. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Annabi ya sa aka kwantar da shi a tantinta domin ya riƙa duba shi daga kusa.

Abu na farko da ke kan nas shi ne ƙwarewa: allura a kan lokaci, magani daidai awonsa, rubuta abin da aka gani ba ragi ba ƙari. Haka nan suturta al'aurar majinyaci da riƙe sirrin cutarsa, domin duk wanda ya kwanta a gadon asibiti ya miƙa abin da ba ya nuna wa ko ɗan'uwansa.

Sai dai akwai wani aiki da ba ya cikin takardar albashi. Nas takan rufe idon mamaci a wannan gado, ta haɗiye kukanta, ta juya ga na kusa da shi da sakin fuska. Takan sha zagin dangin da tashin hankali ya ruɗa, ta danne fushi. Wannan haƙuri ne mai lada, amma yana cin rai, kuma idan ya daɗe babu hutu, zuciya takan bushe. Daga nan ne tsawa ke fitowa, har a kan mace mai naƙuda. Gajiya dalili ce, amma ba ta halatta wulaƙanci. Matar da aka daka wa tsawa a ɗakin haihuwa tana iya zaɓar haihuwa a gida a cikinta na gaba, ko da akwai haɗari.

Dangin majinyaci su ma da nasu nauyin: haramun ne zagin ma'aikaciya ko ɗaga mata hannu. Hukuma kuwa za a tambaye ta a kan nas guda da aka bar wa ɗaki cike da marasa lafiya a aikin dare, babu kayan aiki, albashi kuma a makare, alhali takwarorin nas ɗin suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya.