Man Zaitun da Man Gyaɗa: Bashin da ke kan Ɗalibi

Ɗalibin da ya tashi daga Maraɗi zuwa Monfeliye ta Faransa ko Bari ta Italiya domin nazarin cimakar ƙasashen Bahar Rum, akwai tambayar da ke jiransa ranar komowa: me ya kawo wa mutanensa?

Cimakar nan da duniya ke yabo asalinta abincin talaka ne. Binciken ƙasashe bakwai da masanin Amurka Ancel Keys ya soma a 1958 ya tarar da manoman tsibirin Kirit suna rayuwa da hatsi, wake, ganye da man zaitun, nama sai jefi-jefi, kuma ciwon zuciya bai cika kama su ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya wannan cimaka cikin gadon al'adun ɗan Adam. Darajarta ta fito ne ranar da aka auna ta, aka rubuta.

Ƙasar Maraɗi ma tana da nata: geron gonakin Tibiri, wake, fura da nono, da zogalen lambunan Jiratawa da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Amma a yunwar 2005 dubban yaran jihar sun kamu da tamowa, kuma cikin abin da ya cece su har da Plumpy'nut, haɗin gyaɗa da madara da aka ƙirƙiro a Faransa. Garin da ya yi suna da cinikin gyaɗa kafin farin shekarun 1970 ya karɓi maganin gyaɗa daga ƙetare. Gyaɗar tana nan. Binciken ne aka yi a wani wuri.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, sai dai ilimi amana ne. Wanda ya komo yana raina tuwo, yana umartar magidanci da sayen man zaitun da ya fi ƙarfin aljihunsa, ya ci amanar waɗanda suka tura shi. Wanda kuma ya ce babu abin koyo a wajen baƙo ya yi asarar tafiyarsa.

Abin da ya cancanci ɗaukowa shi ne hanyar: a zauna da masu girki, a auna, a gwada, a rubuta cikin harshen da suke ji. Ɗalibi zai sauke nauyin da ke kansa ranar da uwa mai yaye a Tibiri ta san gwargwadon gyaɗa da garin zogalen da za ta zuba a kunun ɗanta.