Wa Yake Biyan Kuɗin Gumina?

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, akwai wata tambaya da na ɗauko daga gida tun hutun damina, ta hana ni sakat, shi ya sa na ga ya dace in baje ta a wannan fili. Tambayar ita ce: lokacin da mutum ya ware domin horar da jikinsa, nasa ne, ko kuwa na mutanen gidansu ne ya ɗiba?

Ni dai na faɗa son wata gasa da Turawa ke kira tirayatilon, watau wasa uku a haɗe: iyo, da tseren keke, da gudu, ɗaya bayan ɗaya ba hutawa. An fara ta a San Diyego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. A ma'aunin Olamfik mutum zai yi iyon kilomita ɗaya da rabi, ya hau keke kilomita 40, sa'an nan ya sauko ya yi gudun kilomita 10. Ni ɗan koyo ne, ba mai biyana ko kwabo.

Da na koma Boɗinga hutu sai na tsara abina. Ana sallame asuba in hau keke in miƙa Shagari, in faɗa ruwan madatsa, in juyo; zuwa da dawowa ya zarce kilomita 40 ɗin nan. Da la'asar sakaliya kuma in yi gudu. Sai dai fa lokacin noman gero ne, kuma duk ɗan ƙauye ya san aikin gona na sanyin safiya ne. Kafin in iso hantsi ya dubi ludayi, ƙafafuna na rawa, fartanya ma nauyi take mini.

Baba bai ce uffan ba. Inna ce wata rana ta dube ni ina haki, ta ce, "Wai kai, wa ak koro ka?" Aka yi dariya, har da ni. Daga baya na lura kunyoyin da aka yanka mini ba su taɓa kwana da ciyawa ba. Ashe ƙanena ne, yaro ɗan shekara 15, yake gama nasa ya shiga nawa, bai kai ƙara ba, bai kuwa yi mini gori ba.

To, a nan hujjojina suka fara zubewa. Da ma ina cewa jiki amana ne, kula da shi ba wasa ba ne. Gaskiya ne, amma ai mai noma shi ma gumi yake yi, kuma guminsa yana cika rumbu. Ina kuma da wata hujja da na fi ji da ita. A watan Afrilu na 2022 kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, rai 29 suka salwanta, yawancinsu yara masu zuwa neman itace. Nakan ce, ga amfanin iya iyo nan. Amma da na tsare kaina na tambaya, yara nawa na koya wa iyo tun da na fara, sai na tarar ko ɗaya babu. Na ari makokin mutane ne na lulluɓe sha'awata, abin da nake jin kunyarsa har yau.

Duk da haka ban yarda da masu cewa in bari ba, wai ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. In aka bi wannan, ba ɗan kokawar da zai fito daga ƙasar Sakkwato, domin kowane gwani akwai wanda ya tsare masa gona sa'ad da yake fage. Mu ɗalibai ma fa, wa yake noma kunyoyinmu muna nan muna nazarin waƙa da nahawu? Bambancin da na gani ɗaya ne. Karatuna an zauna an shawarta, kowa ya ɗauki nauyin da saninsa. Wasana kuwa ni kaɗai na yanke, na ɗora wa wanda ba shi da bakin ce mini a'a, domin ƙane ne. Ina jin haka abin yake ga magidancin da ke fita atisaye ya bar wa matarsa yara da ɗiban ruwa, yana zaton shirunta yarda ne.

Saboda haka na kira yaron gefe, na ce ya faɗi abin da yake bina. Na zaci kuɗi zai ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, keken nika so, ranar da ba ka hawa." Muka shirya: kwana biyu a mako nawa ne, sauran safiyoyin ina gona, keken kuma yana hannunsa. Gudun la'asar ne kaɗai ban taɓa ba. Saurina a kan keke ya ragu ƙwarai, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci mini rai. Iyon da na yi masa tayi kuwa, Inna ta ce ba da ɗanta ba, muna nan muna jan maganar.