Sunan Samau'al: Asalinsa da Hukuncin Raɗa Shi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa idan almajiri ya ci karo da sunan Samau'al cikin littattafan Larabci sai ya zaci Sama'ila ne aka yi tuntuɓen alƙalami. To, ba haka ba ne. Samau'al sunan Yahudawa ne, watau Shamu'el, Larabawa suka lanƙwasa shi bisa harshensu. A Ibrananci "El" shi ne Allah, "shem" kuwa suna, ɗan'uwan "ismu" na Larabci. Ma'anarsa ke nan "sunan Allah". Waɗansu sun ce "Allah Ya ji", domin uwar wani mai sunan, Hannatu, ta daɗe tana roƙon haihuwa. A ganina fassarar farko ta fi ƙarfi ta fuskar lugga.

Wannan ɗa na Hannatu, a faɗar mafassara da yawa, shi ne annabin da aya ta 246 ta Suratul Baƙara ta ba da labarinsa ba tare da ambaton suna ba, wanda Bani Isra'ila suka roƙa ya naɗa musu sarki, aka ba su Ɗalutu. Mafassara kan rubuta shi Shamwilu.

Amma wanda ya ɗaukaka sunan a wurin Larabawa shi ne Samau'al ɗan Adiya, Bayahude mawaƙi na zamanin Jahiliyya, mai ganuwar Ablaƙ a Taima. An ruwaito cewa Imru'ul Ƙaisi ya ba shi ajiyar sulkunansa sa'ad da zai tafi neman gudummawar Ƙaisar. Maƙiya suka kewaye ganuwar, suka kama ɗansa, suka ce ko sulke ko ran yaro. Ya ƙi cin amana, aka kashe yaron yana kallo. Har yau Larabawa da shi suke buga misalin cika alkawari.

Shin ya halatta Musulmi ya raɗa wa ɗansa wannan suna? Ban ga abin da ya hana ba. Musa da Haruna da Dauda duk ta wajen Bani Isra'ila suka zo mana. Masanin lissafin nan Samau'al Almagribi ya musulunta a 1163, kuma da sunan nan aka ci gaba da saninsa. A Sudan ma Musulmi suna raɗa shi har yanzu.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum.