Ɗaki Naka Ne, Tsakar Gida Fa?

Idan ɗayanmu ya je kama ɗaki a gidan haya, me yake dubawa? Ya jijjiga ƙyaure, ya shafa bango, ya ɗaga kai ya ga ko rufi na yoyo. Da ya gamsu sai ya biya. Ba safai muke leƙa rijiya ba, balle masai, ko kwatar da ke fitar da ruwan gidan. Wato muna bin diddigin abin da zai zama namu, mu kau da kai daga abin da yake na kowa.

Wannan magana ba ta mazauna benayen Abuja kaɗai ba ce, inda kowa ke da sashensa amma matakala da rufi na tarayya ne. Ta iso Sabon Birni da Isa. Tun wajen 2019 da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Sakkwato, mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin gari, har gidan iyali ɗaya ya koma na iyalai da yawa, waɗanda ba jini ya haɗa su ba.

A gidan gandu akwai maigida, shi ke sa a yi yaɓe kafin damina, a yashe rijiya. A zamanin En'e kuma akwai duba-gari, mai buɗe randa ya nemi tsutsar sauro, ya kai mai ƙazanta gaban alƙali. To, inda babu maigida, duba-gari kuma bai zo ba, wa ya rage?

Kowa na iya cewa, ai ba ni na ɓata ba. Gaskiya ne. Amma amai da gudawa ba ta tambayar wa ya haƙa masai kusa da rijiya, katangar da ruwa ya ci gindinta kuwa ba ta zaɓen ɗan wanda za ta danne. Wani zai ce, mutumin da ya rasa gona da dabbobi ina shi ina kwata? Mu dai a ganinmu, ranar da ya ɗauki tsintsiya ya share inda ba nasa ba, ranar ya daina zama ɗan gudun hijira, ya zama ɗan gida.

Mu marubuta ma da laifinmu. Mun ƙware wajen zayyana ɗakin amarya, gado da labule da jeren kwalla. Ya kamata alƙalaminmu ya fito tsakar gida, domin a nan ake sanin halin mutane.